Wa ke da iko da gawa: matar mamaci, ɗansa, ko wansa?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga malamai da lauyoyin cikinmu, kuma ba husuma nake son tayarwa ba, abin ne ya tsaya mini a rai. Mijin yayata ya rasu daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe 1, a wani asibiti nan Zariya. Ya fi shekara 30 a Tudun Wada, nan ya gina gida, nan aka haifi 'ya'yansa 6, nan masallacinsa yake. Asalinsa wani ƙauye ne ta wajen Soba. Wata 4 Yaya tana jinyarsa, daren nan kaɗai ta koma gida saboda ƙafarta ta kumbura, ta bar ƙanensa a wurinsa. Kafin kiran assalatu babban wansu ya zo da mota, suka sa hannu suka karɓi gawa, suka wuce ƙauye. Ƙarfe 8 an gama komai. Babban ɗansa, mai shekara 26, ya taso daga Abuja tun asuba, yana shigowa Kaduna aka buga masa waya wai an rufe. Yaya ko fuskarsa ba ta gani ba. Da aka yi magana, wan ya ce shi ne babba, kuma addini ya ce a gaggauta. To wai a shari'a wa ke da iko da gawa? Mata, ɗa, ko wa?

Baba Mai Ritaya: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara. Ki ba yayarki haƙuri, 'yata.

Ɗan Kwarbai: Allah ya yi masa rahama. Amma Hajiya, ni ban ga laifin dattijon nan ba. Babban wa magajin uba ne. Mutum kafin ya zama mijin wata, ɗan gidansu ne. Can aka yanke cibiyarsa, can iyayensa suke kwance. Da an tsaya jiran na Abuja, sai a ce a jira na Legas, sai a ce a jira na Fatakwal. Haka ake fara ajiye gawa a firji.

Maman Khalifa: Malam, ba wanda ya ce a kai shi firji. Awa 2 kacal yaron yake nema. Kuma daga asibitin zuwa gidansa ko minti 20 ba a yi. A biyo da shi matarsa ta yi masa addu'a ma ai bai hana a gaggauta ba.

Almajirin Kona: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa. Hajiya, tambayarki ɗaya ce a baki, amma a littafi ta rabu. Malamanmu na Malikiyya ba su ce ga mutum ɗaya mai iko da gawa kacokan ba. Wanka da nasa mai haƙƙi, salla da nata, kuɗin likkafani da nasa hukunci, ɗaukar gawa zuwa wani gari ma da nasa sharuɗɗa. Yawancin rigimar da ake yi a gidajenmu daga cakuɗa waɗannan take tasowa.

A wanka, Muhtasar na Shehu Halil ya gabatar da ma'aurata a kan kowa. Mata ita ta fi cancantar wanke mijinta, miji ya fi cancantar wanke matarsa, muddin auren ingantacce ne. Har an ce idan dangi suka hana, alƙali zai hukunta wa mai auren. A Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imamu Malik, an ruwaito Asma'u bint Umais ita ta wanke mijinta Sayyidina Abubakar. Saboda haka a wannan babin yayarki tana gaba da wan mijinta, tana gaba da ɗan da ta haifa ma. In ta ga ba za ta iya ba ta bar wa maza, wannan ita ta bari.

A salla kuwa jerin daban ne. Farko wanda mamacin ya yi wasiyya ya sallace shi don fatan albarkarsa. Sai shugaban Musulmi idan yana wurin. Sai asaba, wato dangi maza ta wajen uba, na kusa kafin na nesa: ɗa, ɗan ɗa, uba, ɗan'uwa, ɗan ɗan'uwa, kaka, baffa, ɗan baffa. Kin ga ɗan'uwa na huɗu ne. Yaron da ke kan hanyar Abuja shi ne na ɗaya.

Ɗan Kwarbai: Allah gafarta Malam, ɗa gaba da uba? Yanzu tsoho yana tsaye jikansa ya shige gaba?

Almajirin Kona: A haƙƙi haka jerin yake a mazhabarmu, irin jerin waliccin aure. Amma ai haƙƙi daban, ladabi daban. Yaro mai tarbiyya zai ce Baba bismillah, ko su duka su ce liman ya shige, kamar yadda muke yi a Zazzau kullum. Abin lura shi ne, limamin nan da izinin waliyyi yake shiga. Saboda an saba ba a furtawa, sai mutane suka ɗauka babu izinin.

Gwaggon Yara: Malam ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na fi shekara 20 ina wankan gawar mata a unguwarmu, kuma sau ɗaya tak na ga matar da ta shiga wankan mijinta. Ita ma sai da aka yi ta gulma wai ba ta da kunya, wai idonta a bushe yake. Matar da ta shekara 40 tana wanke masa kaya, a jinya ita ke kwashe masa komai, rai na fita sai a ce ta koma ɗaki ta rufe fuska, maza sun karɓa. Ni ban ce dole ta yi ba, yawancinsu ma jikinsu ba zai ɗauka ba. A dai tambaye ta. Tambayar ma kaɗai tana sanyaya zuciya.

Abu Sumayya: Gaskiya ne Gwaggo. Nana A'isha ma cewa ta yi da ta san abin da ta sani daga baya, da ba wanda zai wanke Annabi (SAW) sai matansa. Amma kada mu manta da hadisin gaggauta jana'iza, yana cikin Buhari da Muslim. A nan dattijon yana da hujja.

Almajirin Kona: Yana da ita, amma ta juyo kansa. In gaggawa ake so, maƙabartar Tudun Wada ta fi kusa da ƙauyen Soba. Wanda ya ɗauki gawa ya yi tafiyar awa guda da ita ba zai ce awa 2 na jiran ɗa sun yi yawa ba.

Abu Sumayya: Wannan kuma haka ne. Asali ma a binne mutum inda ya rasu. Shahidan Uhudu da aka fara ɗaukowa zuwa Madina, umarni aka yi a mayar da su inda suka faɗi.

Ɗan Kwarbai: To Sarkin Zazzau Shehu Idris fa? A Kaduna ya rasu, ran 20 ga Satumba 2020, aka kawo shi Zariya a ranar aka yi masa sutura. Tsohon shugaban ƙasa Buhari a Landan ya rasu ran 13 ga Yuli 2025, sai ran 15 aka binne shi a Daura. Alhaji Aminu Ɗantata a Abu Dhabi ya rasu, aka kai shi Madina. Duk malaman da suka halarta ba su san hadisin ba ne? Ko na manya ne kawai ake mayarwa gida, talaka a rufe shi inda ya faɗi?

Almajirin Kona: A'a, ɗaukar gawa ya halatta. Sa'adu bin Abi Waƙƙas da Sa'idu bin Zaid a Aƙiƙ, wani kwari kusa da Madina, suka rasu aka ɗauko su zuwa Madina, Imamu Malik da kansa ya kawo wannan. Masu sharhin Muhtasar sun sa sharaɗi: kada gawar ta lalace a hanya, kada a keta mata alfarma, kuma ya kasance akwai maslaha. Cikin misalan maslahar da suka bayar akwai a binne shi cikin danginsa, akwai kuma kusanci don iyalinsa su riƙa ziyara. Ka ga na farkon yana taimakon wan, na biyun yana taimakon matar da 'ya'ya. Shi ya sa wannan ba abin da mutum ɗaya zai yanke cikin dare ba ne. Kuma misalan da ka kawo duk da sanin iyalan aka yi. Ba wanda ya ɗauke gawar Sarki matansa na barci.

Ɗan Kwarbai: Na yarda rashin sanarwar kuskure ne. Amma mu faɗi gaskiya, mutanen ƙauye ma suna da nasu ciwon. Sun yi noma sun sa yaro a boko, ya shigo birni, ya yi aure, shekara 30 sai dai su gan shi da salla. Matar ba ta zuwa, 'ya'yan ba su san hanyar garin ba. In ya mutu ma a ce kabarinsa ba za su samu ba? Ban san wannan gidan ba, amma na san irinsa da yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maman Khalifa: Ban musa ba, akwai 'yar tsama tsakaninsu tun kan maganar wata gona. Amma a wata 4 na jinya sau 2 wan ya leƙo. Kuɗin magani Yaya ta sayar da sarƙarta.

Sista Mai Aikin Dare: Bari in faɗa muku yadda abin yake ta wajenmu, don na san za a ce laifin asibiti ne. Mara lafiya in an kwantar da shi akwai sunan makusanci da ake rubutawa a fayil. Sau da yawa maza sunan wa ko ƙane suke bayarwa, wasu tun suna samari suka saba rubuta shi, har a takardun wurin aiki, ba su taɓa canzawa ba. Ƙarfe 2 na dare mutum ya cika, ga dattawa 3 sun zo da mota, ga wanda ke jinya ya ce yayyensa ne, an biya abin da ake bi, likita ya rubuta takarda. Wace nas ce za ta tsaya ta ce ina matarsa? Mu kanmu mun san Musulmi ba sa son a kai nasu ɗakin ajiye gawa. Sai dai in mutuwar ta haɗari ce ko akwai zargi, nan 'yan sanda ke shigowa, magana ta canza.

Lauyan Kongo: Sista ta gama rabin aikina. Sunan makusanci da ake cikawa a fom bai mayar da mutum magaji ba, bai kuma ba shi mallakar gawa ba. Wanda za a nema ne in wani abu ya faru. Mutane da yawa sun ɗauka wasiyya ce.

Ta fuskar doka, kotunanmu suna duba wace doka ce ta ɗaure rayuwar mamacin: shari'ar Musulunci, al'adar ƙabilarsa, ko dokar Ingila da muka gada. A ta Ingila, tun shari'ar Williams da Williams a 1882 aka tsayar cewa gawa ba dukiya ba ce, ba wanda ya mallake ta, sai dai wanda aka naɗa ya zartar da wasiyya shi ke da alhakin binnewa. Abin mamaki, a wannan dokar ko abin da mamacin ya rubuta game da yadda za a binne shi bai zama dole a kan mai zartarwar ba. Ga Musulmin Zariya kuwa, in an je kotun shari'a, littattafan da Malam ya ambata su alƙali zai buɗe. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya lissafa abin da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ke dubawa: aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya, gado. Kalmar jana'iza ba ta cikin jerin.

Amma Hajiya, gaskiyar magana, mu da muke binnewa cikin awa 6, wace kotu za a je? Kafin magatakarda ya buɗe ofis an dawo daga maƙabarta. Shi ya sa ba ku jin irin wannan ƙarar a nan. Inda ake ajiye gawa ne ake yin ta. A Kenya wani lauya, S.M. Otieno, ɗan ƙabilar Luo, ya rasu a Disamba 1986. Matarsa Wambui, 'yar Kikuyu, ta ce a gonarsu kusa da Nairobi za a binne shi, danginsa suka ce sai ƙauye. Wata 5 gawa na ajiye ana shari'a, a ƙarshe kotu ta ba dangi gaskiya bisa al'adar Luo, aka binne shi a Mayun 1987, matar ba ta je ba.

Ɗan Kwarbai: Ka ji ko! Har kotun boko ta ba dangi.

Lauyan Kongo: Bisa al'adar Luo, ranka ya daɗe. Dattijon da kake karewa kuma cewa ya yi addini ne hujjarsa. Zaɓi ɗaya.

Bazazzagin Amurka: Barista ka kashe ni da dariya. Nan inda nake kowace jiha da dokarta, amma yawanci a rubuce jerin yake: wanda mamaci ya naɗa a takarda, sai mata ko miji, sai 'ya'yan da suka balaga, sai iyaye, sai 'yan'uwa. Kamfanin da ke shirya gawa ba zai taɓa ta ba sai mai haƙƙin ya sa hannu. Mu Musulmin nan abin da ke tsorata mu shi ne mutum ya auri wadda ba Musulma ba, ko 'ya'yansa su tashi ba ruwansu da addini, ya mutu su ce a ƙone. Masallaci ba shi da ta cewa. Shi ya sa limamai ke ta roƙon mutane su cike takardar tun suna da rai.

'Yar Wusasa: Sannunku da haƙuri, Maman Khalifa, Allah ya ta'azantar da ku. Ni Kirista ce, Bahaushiya, kakannina a Wusasa suke kwance. Mu muna ɗaukar kwanaki kafin biso, ana zaman iyali, a sa rana da fasto. Kada ku ɗauka kwanakin suna hana rigima, wani lokaci su ke ba ta wurin girma. Kuma gwauruwa a wurinmu ma sau da yawa a bakin ƙofa take jin abin da aka yanke. Wanda ya fi mana zafi shi ne gidan da ya haɗa addini biyu, kuma a Zazzau muna da su da yawa. Wani kawuna ya musulunta da girmansa. Ran da ya rasu 'yan'uwansa Musulmi suka yi masa sutura kafin azahar, yadda ya so, ba mu ja ba. Amma uwarsa, tsohuwa mai shekara 80 da wani abu, tana nan cikin gari, ba wanda ya tuna ya aika a ɗauko ta. Har ta mutu tana faɗin wannan.

Almajirin Kona: Wannan ba daidai ba ne, 'yar'uwa. Saɓanin addini bai cire wa uwa haƙƙin kyautatawa ba, Alƙur'ani ya faɗa a Suratu Luƙman. Allah ya ba ku haƙuri.

Baba Mai Ritaya: Ku bar ni in sa baki, don ina cikin masu kula da maƙabartar unguwarmu. A da wannan rigimar ba ta da wurin zama. Mutum a gidan gado aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan zai mutu, wansa na sashe ɗaya, matarsa na ɗaya sashen. Mai unguwa da liman suna jin kuka sun iso. Wasu gidajen cikin birni ma a bayan gida suke binne nasu. Yanzu fa? Uba a Ƙofar Gayan, ɗa a Abuja, wa a Giwa, mutuwa a gadon asibiti. Waya ce ta zama mai unguwa, wanda ya riga samun labari shi ne mai iko. Mu in an zo a ce a haƙa, tambayarmu biyu: babba ne ko yaro, ƙarfe nawa za a kawo. Daga yau zan ƙara ta uku, in ce iyalinsa sun sani?

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri Baba. Malam, saura biyu. Yanzu wan ya aiko wai Yaya ta tattara ta koma ƙauye ta yi takaba a can, tunda can ake zaman makoki. Kuma ya kawo lissafin kuɗin mota da likkafani da abincin baƙi, wai a cire masa daga abin da mamacin ya bari.

Almajirin Kona: Takaba a gidan da mutuwar ta same ta take yi, wata 4 da kwana 10, in ba ciki gare ta ba. Furai'a bint Malik ta nemi ta koma cikin danginta bayan an kashe mijinta, Annabi (SAW) ya ce ta zauna a gidanta har idda ta cika. Saboda haka Tudun Wada za ta zauna, ba mai tashinta.

Kuɗi kuwa, likkafani da haƙa da ɗauka gwargwadon al'ada daga dukiyar mamaci ake fara cirewa, kafin bashi, kafin wasiyya, kafin gado. In da niyyar a biya shi ya kashe, a biya shi wannan. Abincin baƙi da sadakar uku da ta bakwai ba sa ciki, balle akwai marayu ƙanana. Wanda ya ga zai yi, ya yi da aljihunsa. Kuma tunda akwai ɗa namiji, wan ba shi da ko sisi a gadon. Matar tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, in iyayensa ba su da rai sauran na 'ya'ya ne.

Gwaggon Yara: To Malam in mace ce ta mutu, wa ke sayen likkafani? Na sha ganin miji da iyayenta suna kallon juna.

Almajirin Kona: Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta kawo saɓanin malamai uku, Gwaggo. Ibnul Ƙasim ya ce daga dukiyarta, Abdulmalik ya ce a kan miji, Sahnun ya ce in tana da hali daga nata, in ba ta da shi a kan miji. Ni dai namijin da zai tsaya buɗe Risala a kan yadi 'yan ƙalilan na matarsa, ban san me zan kira shi ba.

Abu Sumayya: Shi kuma yaron ya je kabarin ya yi wa babansa salla. Matar da ke sharar masallaci da aka binne ba a sanar da Annabi (SAW) ba, cewa ya yi me ya hana ku gaya mini, ku nuna mini kabarinta, ya je ya sallace ta.

Almajirin Kona: A wajenmu wanda aka riga aka sallata ba a sake masa, Risala ta faɗa ƙarara. Shafi'iyya da Hambaliyya sun yi aiki da hadisin da ka kawo. Ya je ya yi addu'a, wannan ba mai ja.

Abu Sumayya: Malam, hadisi ingantacce yana gabanmu ka ce a wajenmu?

Mai Kula da Zaure: Malamai don Allah, kada a koma waccan muhawarar ta watan jiya. Mai tambaya tana cikin makoki.

Lauyan Kongo: Kafin a tashi, maza ku duba takardunku na wurin aiki da na fansho ku ga sunan wa ke ciki. Kuma wanda ke da ra'ayi kan inda za a kai shi, ya faɗa a gaban wansa da matarsa da babban ɗansa a zama ɗaya, ya rubuta, mutum 2 su sa hannu. Maman Khalifa, ku je ofishin hukumar ƙidaya ku yi rajistar mutuwar da takardar likita, za a nemi shaidar a banki da wurin aikinsa. Takardar likitan tana hannun wa?

Maman Khalifa: Tana wurin wan. Ya tafi da ita tare da wayar mamacin da makullin motarsa.

Ɗan Kwarbai: Au, har da makulli? To wannan kam ban da ni a ciki.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, kada ku aika yaron shi kaɗai, jininsa na tafasa. Ku sami limamin masallacin mamacin da mai unguwa, su raka shi ran sadakar bakwai. Ya fara zuwa kabari, ya dawo ya durƙusa ya gaida baffansa, ya yi masa godiyar ɗawainiya. Maganar takarda da makulli liman ne zai ɗauko ta, ba shi ba.

Maman Khalifa: To Baba, zan gaya wa Yaya. Ita ma tana son a ɗauko mata hoton kabarin a waya, ta ce ko wurin ta gani. Malam, ya halatta?